Ɗan Hajiya Ne

Lahadi, bayan la'asar. Alsahafa, Khartoum.

Yau ma ban fita da kayan shayi ba. Wa zai sha? Kasuwa a rufe, titi ba kowa sai karnuka. Butocin nan na wanke su jiya, na sake wanke su yau, don dai hannu ya samu abin yi. Ƙarar harbin nan ba ta tsaya ba tun asuba. Tasnim 'yata ta ce ita ta iya bambance ta sama da ta ƙasa, na ce ta riƙe iliminta, ban tambaye ta ba. Yarinyar nan ko sha takwas ba ta cika ba amma bakinta ya fi na 'yan kasuwa, rabin maganarta Larabci, in ta ga dama ta ƙarasa da Hausa don ta tausaya mini.

Ruwa bai zo ba, wuta ma haka. Wayar Umdurman ba ta shiga.

A can Hajiya take, uwar marigayi maigidana, ita da ɗanta. In za a bi ta haihuwa ɗan farina ne, amma ranar da aka yaye shi ta goya shi ta haye gada da shi, a hannunta ya girma har ya zama mutum. Sunan mijinta aka sa masa, ga shi kuma na fari, to ta ina bakina zai kama wannan suna? Ɗan Hajiya nake cewa, kowa ya san wanda nake nufi. Shi kuma Yaya yake ce mini. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi tun muna gonakin auduga a Jazira, ba ni na fara ba.

Ban tambayi kowa labarinsa ba. Na dai yi ta tambayar lafiyar Hajiya.

Talata, da hantsi.

Sun iso, alhamdu lillahi. A baro ya turo ta, wanda yake ɗibar yashi da shi a wurin gini, ya shimfiɗa mata bargo a ciki. Tun daga Umdurman, a ƙafa, cikin wannan rana. Hajiya ta sauko tana faɗa wai ya jijjiga mata ƙugu, Maigidanta bai iya tuƙi ba. Haka take kiransa, Maigidana, tana tsokanarsa tun yana rarrafe.

Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, mun same ku lafiya?"

Na ce lafiya lau, idona a kan tabarmar da nake shimfiɗa wa Hajiya. Amma na ga ƙafafunsa. Sun kumbura, diddigen dama ya tsage yana jini.

Na haɗa shayi da ɗan sukarin da na ɓoye a gwangwani, na ɗumama ruwa da gishiri, na ba Tasnim na ce ta kai wa yayanta. Ta tsaya tana kallona ta ce me ya hana ni kai masa da kaina, ga shi nan taku biyu. Na ce ta wuce kafin in ɓata mata rai.

Ya ce ya baro katin shaidarsa a aljihun rigar aiki, ba a ba su lokacin waiwaye ba.

Laraba, bayan magariba.

Liman ya tara maza a zaure. An yanke za a tafi kudu gaba ɗaya, gida shida ko bakwai na layinmu, a lurin Almahdi mai ɗaukar albasa. Jabalain za mu, can bakin Farin Nilu kusa da iyaka, inda jiragen ruwa suke tsayawa. Ƙanen Hajiya, Kawu Ilyasu, yana su a can tun kafin a yi aurena. Ban taɓa zuwa ba, sunan garin kawai nake ji in an aiko mana da banda.

Hajiya kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Da aka gaya mata ta ce ita ba ta gudu, ba ta taɓa gudu ba, tsufanta ba zai fara ba. Ɗanta ne ya sunkuya a kunnenta ya ce ziyara za a kai wa Kawu, an daɗe ba a gaisa ba. Ta ce to in ziyara ce a ɗauko mata tob ɗinta, mayafin nan nata mai kyau.

Yanzu kowa a layin ziyara yake cewa. Har ni.

Alhamis, da asuba.

Buta ɗaya, kofuna, murhu, ganyen shayi. Tasnim ta ce kayan sawa fa? Na ce kayan sawa ba sa ciyar da mutum. Na rufe ƙofa na ba ta baya, ban waiwaya ba, don na san halina.

Shi ya ɗora Hajiya a mota, ya gyara mata buhu ta jingina. Ya miƙo mini hannu zai ja ni sama, na kama ƙarfen motar na hau da kaina.

Alhamis, magariba ta wuce. Gefen hanya, kusa da Gitena.

Akwai shingen masu bindiga a Jabal Awliya. An sauke samari duka, an mayar da su, ban da ɗaya.

Ɗan Hajiya ba ya cikin motar nan.

Ba zan rubuta sauran ba yau.

Juma'a, da azahar. Hanya.

Rana, ƙura, yara na kuka, taya ta yi faci sau biyu. Motoci a jere kamar ana tashin kasuwa, kowa da katifarsa a sama. A wani ƙauye mutane suka tare mu da randunan ruwa da kisra, burodin nan na dawa mai faɗi, ba su tambayi ko mu su wane ne ba. Allah ya saka musu. Na karɓa na riƙe a hannu har ta bushe.

Hajiya ta yi ta tambaya ina Maigidanta. Jiya tana can ƙuryar mota, ba ta ji abin da aka yi ba, Larabcinta ma na cefane ne kawai. Liman ya ce mata takarda ake duba masa, zai biyo mu a wata mota. Ta ce to a ajiye masa kisrarsa.

Tasnim ta tashi daga kusa da ni ta koma wajen Shamsiyya maƙwabciyarmu. Tun jiya ba ta ce mini uffan ba. Rashid ɗan Shamsiyya yana zaune a gefen uwarsa, wuyan rigarsa a yage. Ba masu shinge ne suka yaga ba, ita ce, da ta riƙe shi.

Ba wanda ya kalle ni a motar nan. Da ma zagina suka yi.

Asabar, da la'asar. Jabalain.

Mun wuce Rabak da safe, daga nan hanya ta yi shiru, sai gonaki da shanu. Garin ƙarami ne, duwatsu biyu a bayansa, kogi a gabansa, faɗinsa har ido ya gaji. Warin kifi ne ya fara yi mana sannu da zuwa.

Kawu Ilyasu ya fito da gudu ba takalmi, tsoho da shi, ya rungume yayarsa suna kuka suna dariya. Unguwarsu duk masunta ne, Hausa zalla, irin ta kakanninmu wadda ba a gauraya ba. Tasnim sai ta ce "na'am?" sau biyu kafin ta gane. An raba mu gida-gida. Mu aka ba mu rumfar da ake shanya koma, aka kewaye mana da zana.

Kawu ya ƙirga mu da ido ya ce ina takwaran surukinsa? Liman ya ja shi gefe.

Da ya dawo ya ce mini, "Dela, sai haƙuri." Na ce ai Hajiya za a ba haƙuri. Da bakina na faɗi haka, wallahi, kuma ban san lokacin da ya fito ba.

Lahadi, da safe.

Ba labari.

Litinin, bayan la'asar.

Na kafa murhuna a bakin tasha, gindin wata bishiyar dogon yaro, daidai inda motocin arewa suke sauke mutane kafin a gangara mashaya. Kawu ya ce haba Dela, baƙuwa da sana'a, ai kifi bai ƙare a ruwa ba. Na ce hannuna ne bai saba da zama ba.

Daga nan ina ganin komai. Kwalekwale na shigowa da giwan ruwa da ƙarfasa, mata na fafe ciki suna zuba gishiri, kainuwa na wucewa a kan ruwa tuli-tuli. Can ƙasa akwai manyan jirage masu faɗi da suke kira sandal, ana loda musu buhunan dawa da gishiri da mutane, su nufi kudu. Wasu dogayen mutanen kudu da aka haifa a Khartoum suna zaune a kan akwatunansu suna jiran jirgi zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Wata ta sha shayina ta ce a unguwar Kalakla gidanta yake, ta bar tukunya a kan wuta.

Mota shida ko bakwai ta tsaya yau. Ina zuba shayi ina kallon ƙafafun masu saukowa.

Talata, da azahar.

Na ji matan unguwa suna hira a bayan zana. Wai Dela akwai dauriya, ko gezau, har sana'arta take yi. Wata tsohuwa ta ce ai haka matan da suke, kunya ba ta barinsu su nuna. Yabona suke yi. Na ji kamar in kifa musu tafasasshen ruwa, Allah ya yafe mini.

Hajiya kullum sai ta sa an ajiye masa kifi a kwano, ta rufe da faifai. Da safe ta ba yara.

Laraba, da magariba.

Ba labari. Almahdi ya koma arewa ɗebo wasu, Liman ya ce masa ya tambaya a hanya. Ni ban ce masa komai ba, na dai ƙi karɓar kuɗin shayinsa.

Juma'a, da hantsi.

Jiya ban fita ba, zazzaɓi. Yau da sauƙi. Tunda ba mai karanta wannan sai ni, bari in rubuta.

Da aka sauke su a shingen, an jera su a rana, hannu a ka. Masu kati aka duba aka ce su hau. Saura biyu, shi da Rashid. Wani mai rawani, yaro ne ma, bai fi su ba, ya ce waɗannan ba 'yan ƙasa ba ne, ji Larabcinsu, an san irinsu. Shamsiyya ta diro daga mota tob ɗinta na jan ƙasa, ta cafki wuyan rigar Rashid tana ihu ɗanta ne, ita ta haife shi a asibitin Khartoum, sai dai a harbe su tare. Suka yi dariya suka tura mata shi.

Sai mai rawanin ya zo gindin mota ya ɗaga kai. Ban san abin da ya sa ya zaɓe ni ba, ko kama ya gani, an ce goshinmu ɗaya. Ya nuna shi da bakin bindiga ya tambaye ni da Larabci, "Wannan ɗanki ne?"

Ga Liman, ga dattawan layinmu, ga Hajiya a bayana. Ga shi shi kansa yana kallona. Ban yi tunani ba, na rantse da Allah ban yi ba. Na sunkuyar da kai, bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa tun yaron yana goye. Na ce ɗan Hajiya ne.

Ya ce wace Hajiya? Aka nuna masa. Ya leƙa ya ga tsohuwa ba haƙori tana gyangyaɗi, ya ce wannan ce ta haifi wannan? Ya ce ƙarya muke yi, ɗauko shi muka yi a hanya, ba shi da kowa a motar nan. Liman ya fara bayani wai al'adarmu ce, aka daka masa tsawa. Tasnim ta yi ta ihu yayanta ne, yayanta ne, aka ce uwar ma ta ce ba nata ba ne. A lokacin na buɗe baki, na ce nawa ne, amma an riga an buga wa Almahdi ƙofa an ce ya ja mota, injin ya rufe muryata. Ko kuma muryar ce ba ta fito ba. Ban sani ba.

Shi kuwa yana nan tsaye a rana. Da motar ta ja, ya sauke hannu ɗaya daga kansa ya ɗan ɗaga mana.

Ni na haife shi. Kwana biyu ina naƙudarsa a ɗakin kara a Jazira. Ina son yaron nan fiye da numfashina, kuma ban taɓa gaya wa ko bango ba.

Asabar, da la'asar.

Su Shamsiyya sun shiga sandal, mijinta ya ce gara su ƙara gaba. Mun raka su mashaya. Ta rungume ni ta ce mini a kunne ita ma ai Rashid ba na fari ba ne, da na fari ne Allah kaɗai ya san abin da za ta yi. Na san don ta sanyaya mini rai ta faɗa. Shamsiyya ko na fari ne sai ta yaga rigar.

Jirgin ya daɗe bai ɓace ba, ruwan nan ba shi da kwana.

Tasnim ta dawo kwana a rumfarmu tunda ba inda za ta. Tana juya mini baya.

Lahadi.

Ba labari.

Talata, da azahar.

Kawu ya ɗauke mu a kwalekwale zuwa wani tsibiri inda suke banda, wai mu sha iska, ziyara ai ba a yin ta a zaune. Ya nuna mana inda dorina take fitowa, da inda kakansu ya fara kafa bukka. Hajiya ta ji daɗi har da 'yar waƙarta. Ta ce in Maigidanta ya iso a kawo shi ya gani, yana son ruwa tun yana ƙarami, sau nawa tana ciro shi daga bakin kogi a Umdurman da bulala.

Ban san yana son ruwa ba.

Hankalina yana tasha, mota nawa ta tsaya ba na nan.

Alhamis, bayan la'asar.

Almahdi ya dawo, ya zo da wani saurayi Hamid, ɗan unguwar Aljirif, mai aikin bulo. Kansa a aske rabi da rabi, yana tafiya yana dafa bango. Almahdi ya zaunar da shi a bencina ya ce, Gwaggo Dela, ki ba shi shayi, yana da magana. Na zuba masa.

Ya ce a wani tsohon sito ake tsare su, bayan kasuwar kifi ta Jabal Awliya, mai dogon bango da ƙofar ƙarfe. Ya ga namu. Yana da rai, ƙafar ce dai ta ruɓe masa kaɗan, yana ɗingishi. Ya ce mata suna zuwa bakin ƙofar kullum su tsaya. Wanda uwarsa ta zo ta nace, ta rantse, wani lokaci a gaji da ita a sake shi. Shi haka aka yi masa. Wanda ba a zo nema ba kuwa, in mota ta zo sai a kwashe su, ba wanda ya san inda ake kai su.

Na ce ba a tambayarsu ko suna da kowa?

Ya ce ana tambaya. Sai ya kalli Almahdi. Almahdi ya ce faɗa mata.

"Ya ce kakarsa ce da shi, ta tsufa, ba za ta iya zuwa ba."

Na ce to. Na ƙara masa sukari. Na wanke kofuna, na kashe wuta, na kai kayan gida, duk ban san ina yi ba.

Juma'a, da hantsi.

Tasnim ce ta fasa maganar. Hajiya na cewa a ajiye masa kifi, sai yarinyar ta ajiye kwanon da ƙarfi ta durƙusa a kunnenta, da Hausa tsantsa yau, ba ko kalmar Larabci, ta gaya mata komai. Shingen, tambayar, amsar da na bayar, sito, har abin da Hamid ya ce. Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Ban hana ta ba.

Hajiya ta ji ta har ƙarshe. Ta jawo tob ta rufe fuska ta kwanta ta fuskanci zana. Ba ta ci abinci ba, ko Kawu ba ta amsa wa ba.

Tasnim ta fita bakin ruwa. Da ta dawo idonta ya kumbura, ta zauna kusa da ni, kafaɗarta na taɓa tawa.

Asabar, bayan sallar asuba.

Ina shafa addu'a Hajiya ta kira ni. Ta ce in matso, na matso, ta ce in ƙara. Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa zama a tabarma ɗaya da ita ba.

Ta ce da farko ta yi niyyar ita za ta, ko a baro ne, sai ta tuna mai tura baron ne ba ya nan. Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta ce ranar da ta zo ɗaukarsa ina cikin ɗaki, ko leƙowa ban yi ba, ta yi ta yabona a unguwa wai ta samu suruka mai kunya. Ta ce ta ji kukana ta bayan ɗaki a ranar, ta yi kamar ba ta ji ba, don ita ma haka aka yi mata da nata na farin.

Sai ta kama hannuna ta ce, "Dela, na yafe miki kunyar nan. Riƙo aka ba ni, na riƙe, na gode. Tashi ki je ki ɗauko ɗanki."

Na ce to, Hajiya.

Ta ce, "Kuma ki kira shi da sunansa. Mai sunan ya daɗe a ƙasa, ba zai ji haushi ba."

Almahdi zai koma gobe. Kawu ya ce hanya ta ƙara lalacewa, a bari Liman ya je, namiji ne. Na ce ba liman ake tambaya a ƙofar ba. Tasnim ta ce za ta bi ni, na ce ta zauna da kakarta, mota ɗaya ba za ta ɗauke mini biyu ba.

Lahadi, da azahar. Rabak.

Motar ba kowa sai ni da buhunan banda. Duk motocin hanya kudu suke yi, mu kaɗai muke arewa, mutane na kallonmu kamar mahaukata. Almahdi ya ce in dawo gaba, na ce baya ta fi mini.

Na gwada faɗin sunansa a hankali, injin na ƙara, ba mai ji. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale a wuya. Mace da furfura tana koyon magana a bayan luri. Na yi ta gwadawa har muka wuce masana'antar sukari.

Tasnim ta cusa mini man shafawa da tsumma mai tsabta a jaka, saboda ƙafar. Ban ga lokacin da ta sa ba.

Litinin, da magariba. Gitena.

An hana wucewa yau, a nan za mu kwana. Daga nan ana jin ƙarar, ƙasa-ƙasa. Har na manta da ita.

Allah ka sa motar kwasar nan tasu ba ta zo ba. Allah ka sa ba ta zo ba.

Talata, bayan la'asar. Jabal Awliya.

Almahdi ya sauke ni a kasuwar kifi ya nuna mini lungun, ya ce ba zai iya matsawa da mota ba. Ban sha wahalar ganewa ba, matan ne suka nuna mini wurin. Suna zaune a gindin bango, kowa da ƙullinta, wasu da alama sun kwana biyu a nan. Wata ta matsa mini na zauna, ta ce in jira mai gadin ya gama cin abinci, ya fi sauƙin kai in ya ƙoshi.

Da ya gama na tashi na je. Ba mai rawanin nan ba ne, wani ne, babba. Ya ce me nake so. Na ce ɗana ne a ciki. Ya fito sumul, da Larabci, har na ji mamakin kaina. Ya ce kowa haka take cewa, ina takarda? Na ce ba ni da takarda, ni na haife shi, a kawo Alƙur'ani. Ya ce sunansa?

Na faɗa. Ya ce bai ji ba, in ɗaga murya, shi ba ya jin raɗa. Na sake faɗa. Ya ce su ba su rubuta sunan kowa ba, mutane sun yi yawa, an kwashi wasu shekaranjiya. In ina so in kira, in yana nan zai amsa.

Ya koma kan kujerarsa. Matan duk suka zuba mini ido.

Na matsa jikin ƙofar, ƙarfen da zafi. Na kira, muryar ta fito kamar ta mai mura. Ba amsa. Matar nan da ta matsa mini ta ce, 'yar'uwa, bangon da kauri, ki buɗe wuya. Na cire tob daga bakina, na dafa ƙofar da hannu biyu, na kira yadda nake jin Hajiya tana yi in ya yi nisa.

Zubairu.

Ga shi na rubuta ma.

Hayaniyar ciki ta ɗauke. Na ji ana jan ƙafa, a hankali, har kusa da ƙofar. Sai aka ce, "Na'am." Sai kuma, "Yaya?" Yana tambaya ne, bai tabbata ba, don bai san yadda sunansa yake a bakina ba.

Na ce, "Ba Yaya ba ce. Uwarka ce, na zo."

Na ji dai wani abu ya jingina da ƙofar ta ciki, daidai inda hannuna yake.

Mai gadin ya ce babbansu ba ya nan, sai gobe, in tafi in dawo. Na ce masa ba inda za ni. Na shimfiɗa tob ɗina a gindin bangon, kusa da ƙofar, inda in ya yi tari zan ji.